Zafin ƙarƙashin ƙasa a madadin dizal: tambayoyi da amsoshi kan wutar garuruwan da babban layi bai kai ba

Akwai tsibirai da garuruwa da yawa a duniya waɗanda babban layin wutar lantarki bai taɓa isa gare su ba, kuma babu ranar isarsa. Wutarsu daga wuri ɗaya take fitowa: wani zungureren ɗaki a bayan gari, an jera manyan janareto a ciki suna shan dizal dare da rana. Ranar da jirgin ruwan mai ko tankar mai ta makara, gari ya kwana a duhu. Ga tambayoyin da aka fi yi game da ƙoƙarin da wasu daga cikin irin waɗannan wurare suke yi na samun wuta daga zafin da ke ƙarƙashin ƙafafunsu.

Wane zafi ake nufi, kuma ta yaya yake zama wutar lantarki?

Cikin ƙasa yana da zafi ko'ina. A mafi yawan wurare, duk kilomita ɗaya da aka nutsa zafin yana ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Selshiyas. Amma a inda ake da duwatsu masu aman wuta, ko inda ɓawon ƙasa ya tsage, zafin yana matsowa kusa, har a tarar da ruwa mai digiri 250 a zurfin da bai wuce kilomita 1 zuwa 2 ba. Matsin da ke kansa a wannan zurfi ne ke hana shi tafasa. Da an huda rijiya an ba shi hanya, sai ya taso da ƙarfi, wani sashensa ya zama turiri. Turirin nan shi ake turawa ya juya farfelar inji, farfela ta juya janareto. Ruwan da ya rage a mayar da shi ƙasa ta wata rijiyar daban domin ya sake ɗaukar zafi.

Ba sabuwar dabara ba ce. A Larderello ta ƙasar Italiya aka fara kunna 'yan ƙwayayen fitila da turirin ƙasa a 1904, a hannun Piero Ginori Conti, kuma a 1913 aka kafa tasha ta farko a can. Har yau wurin yana ba da wuta.

Me ya sa aka fi danganta shi da garuruwan nesa?

Saboda su dizal ya fi gasa wa aya a hannu. Babban birnin da ke kan layin ƙasa yana samun wuta daga madatsar ruwa ko tashar iskar gas, mai arha. Tsibiri kuwa sai ya sayi man, ya biya kuɗin dakonsa, ya gina tankunan ajiya, sannan duk lokacin da farashin ɗanyen mai ya tashi a kasuwar duniya, a takardar kuɗin wutar talaka ake gani.

A yi lissafi a fili. Babban janareto mai lafiya yana ba da wuta kimanin kilowat 3.5 na awa ɗaya daga kowace lita. Tashar zafin ƙasa mai ƙarfin megawat 1 kacal, wato kilowat 1,000, idan ta yi aiki kashi 90 cikin 100 na sa'o'in shekara, za ta ba da kusan kilowat miliyan 7.9 na awa ɗaya. Raba da 3.5, ka samu litar dizal sama da miliyan 2.2. Da tankar nan mai ɗaukar lita 33,000 da muke gani a manyan hanyoyi, tanka kusan 68 ke nan a shekara da ba za a saya ba, a kan megawat ɗaya tak. Kuma kowace litar dizal da aka ƙona tana sakin iskar kabon mai nauyin kusan kilo 2.7.

Ban da kuɗi akwai kwanciyar hankali. Wanda ya taɓa riƙe injin niƙa ko shagon ƙanƙara da janareto ya san ba tsadar man kaɗai ke kashe mutum ba, rashin sanin farashin gobe ne. Tashar zafin ƙasa ba ta sayen mai. Da an gama gina ta, ana iya faɗin farashin wutarta na shekara 20 ko 25 tun daga ranar farko.

Akwai inda aka gwada kuma abin ya yi?

Akwai, kuma ba wuri ɗaya ba. Tsibirin São Miguel, babba a cikin tsibiran Azores na ƙasar Fotugal da ke tsakiyar tekun Atlantika, yana samun kusan kashi 40 cikin 100 na wutarsa daga tashoshi biyu, Ribeira Grande da Pico Vermelho. Maƙwabcinsa Terceira ya buɗe tasa ƙaramar tashar ta Pico Alto a 2017. A yankin Karibiyan, garin Bouillante na tsibirin Guadeloupe, wanda ke ƙarƙashin Faransa, ya fara ba da wuta tun 1986, aka ƙara inji na biyu a 2005, ƙarfinta ya kai kimanin megawat 15. Tashar a cikin gari take, dab da bakin teku, da ruwan tekun ake sanyaya ta.

Misalin da ya fi ba ni sha'awa shi ne na tsibirin Lihir a Papuwa Sabuwar Gini. Ma'adinin zinare ake haƙa a cikin ramin wani tsohon dutse mai aman wuta, zafi da turiri suna damun masu haƙar, dole sai an huda rijiyoyi an rage su kafin a iya aiki. Daga baya aka ga ai abin da ake zubarwa dukiya ne. Aka fara da megawat 6 a 2003, zuwa 2007 an kai 56, aka rage man da ake shigowa da shi ta jirgin ruwa.

Ke nan dole sai da dutse mai aman wuta?

Ba dole ba ne, amma da shi ya fi. Idan ruwan bai kai zafin da zai ba da turiri mai ƙarfi ba, akwai inji mai zagaye biyu. A nan ruwan ƙasa ba ya taɓa farfela. Ana bi da shi ta cikin bututu ya ɗumama wani sinadari mai saurin tafasa, turirin sinadarin ne ke juya injin, a sanyaya shi ya koma ruwa, a sake zagayowa da shi. Kamar firiji ne aka juya wa aiki: firiji yana cin wuta ya raba zafi da sanyi, wannan kuwa yana cin bambancin zafi da sanyi ya ba da wuta.

A Chena, wani wurin shaƙatawa mai maɓuɓɓugar ruwan zafi da ke tazarar kusan kilomita 100 daga Fairbanks a jihar Alaska ta Amurka, an kafa irin wannan inji a 2006 a kan ruwan da zafinsa bai wuce digiri 74 ba. Ruwan shayi ya fi shi zafi. Injina biyu ne masu kilowat 200 kowanne, sinadarin da ke cikinsu kuma irin gas ɗin da ake ɗura wa firiji da na'urar sanyaya mota ne. Da su wurin ya rabu da mafi yawan dizal ɗin da yake sha.

Sai dai a lura da sirrin Chena, domin masu tallar wannan fasaha sukan tsallake shi. Ƙarfin injin ba daga zafin ruwan kaɗai yake zuwa ba, daga tazarar da ke tsakanin zafi da sanyi ne. Su a Alaska suna da ruwan sanyi mai digiri 4 ko 5 a bakin ƙofa. Ɗauki injin nan ka kai shi inda iska ke kai digiri 43 da rana tsaka, fiye da rabin tazarar ta tafi, wutar da zai bayar ba za ta taka kara ta karya ba.

In har abin yana da wannan amfani, me ya hana kowa yi?

Rijiya. Kusan duk amsar tana cikin wannan kalma.

Janareton dizal arha ne wajen saye, tsada wajen riƙo. Tashar zafin ƙasa akasin haka take: kusan duk kuɗin rayuwarta a farko ake zuba shi, kuma babban kaso ana zuba shi ne tun kafin a san ko za a samu abin da ake nema. Masana za su auna duwatsu, su ɗebi ruwan maɓuɓɓuga su gwada sinadaransa, su zana taswirar abin da suke zaton yana ƙasa. Duk da haka ba a tabbatarwa sai an huda. Rijiya ɗaya mai zurfin kilomita 2 zuwa 3 tana cin dala miliyoyi, kuma ba ɗaya ake bukata ba, don sai da ta fitar da ruwa da ta mayar da shi. Cinikin biri a sama ne, kuma bankin kasuwa ba ya ba da rance a kan irinsa.

Abu uku ake nema a ƙasa lokaci guda: zafi, da ruwa, da tsagogin da ruwan zai bi ya shigo rijiya. In ɗaya ya ɓace, sauran biyun ba su da amfani. Tsibirin Saint Vincent na yankin Karibiyan ya ɗanɗana wannan. Tsakanin 2019 da 2020 aka haƙa rijiyoyi uku masu zurfi a gefen dutsen La Soufrière. Zafi kam an same shi, har ya ishi kowace irin tasha. Amma duwatsun a toshe suke, ruwa ba ya gudana yadda zai juya inji. Kuɗi sun tafi, shekaru sun tafi, janareto suka ci gaba da ruri. Kamar mai haƙa rijiya ne da ya kai ga damshi, yana jin sanyin ruwa a tafin ƙafarsa, amma guga ba ta cika.

Sannan ga matsalar ƙanƙanta, wadda ita ce ta garuruwan nesa musamman. Kawo injin haƙa zuwa tsibiri aiki ne na kansa: jirgin ruwa na musamman, gyaran gada, fasa hanya a kan tsauni, ƙwararrun ma'aikata daga Aisilan ko Niyu Zilan. Wannan kuɗin kusan ɗaya ne ko rijiya 2 za a haƙa ko 20. Kenya za ta iya raba shi a kan miliyoyin masu biyan kuɗin wuta. Tsibirin Montserrat na yankin Karibiyan, mai mutane kimanin 5,000, ba zai iya ba. An haƙa masa rijiyoyi biyu a 2013 da kuɗin Birtaniya, an kuma samu turiri, amma shekaru suka yi ta wucewa rijiyoyin suna rufe ana neman wanda zai gina ƙaramar tashar da za ta hau kansu.

Shekara nawa ake ɗauka daga fara bincike zuwa ganin haske?

In komai ya tafi daidai, 5 zuwa 10. Komai kuwa bai cika tafiya daidai ba.

Tsibirin Dominika na yankin Karibiyan misali ne. Ƙaramar ƙasa ce mai mutane kimanin 70,000, tsauni a kan tsauni, tana da wani tafki da ruwansa ke tafasa a fili kowa na gani. Babu mai shakkar akwai zafi. A lokacin da aka fara bincike, mafi yawan wutarta daga dizal take, sai ɗan abin da ƙananan madatsun ruwa ke bayarwa. An haƙa rijiyoyin gwaji a kwarin Roseau a 2011 da 2012, sakamako ya yi kyau. Daga nan sai tafiya ta yi ta cijewa: kamfanonin da aka sa ran za su zuba jari suka janye, aka sake lale, sai kuma mahaukaciyar guguwar Maria ta afka wa ƙasar a watan Satumba na 2017 ta kwantar da mafi yawan layukan wuta. Sai a watan Disamba na 2023 aka sa hannu da kamfanin Ormat kan gina tasha mai megawat 10 a Laudat, da yarjejeniyar sayen wutar na shekara 25. Yaron da aka haifa lokacin haƙa rijiyar farko ya kusa shiga sakandare kafin a ɗora tubalin tashar.

To ba gara a sa sola kawai a huta ba?

A wurare da yawa, gaskiya gara hakan. Farantan sola sun faɗi warwas a farashi, ana kafa su cikin watanni, ana iya farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa, kuma ba sai an huda ƙasa kafin a san ko akwai rana ba. Garin Birdsville da ke cikin hamadar jihar Queensland ta Ostireliya ya nuna haka. Mutanensa ba su kai 200 ba. Tun farkon shekarun 1990 yake da ɗan inji mai kilowat 80 a kan wata tsohuwar rijiyar burtsatse mai ruwan digiri 98, yana rage wa janareto nauyi. Da injin ya tsufa aka zauna lissafin sabunta shi, sai kamfanin wutar ya rufe shi a 2018 ya karkata ga sola da batir.

Inda zafin ƙasa ya fi sola shi ne dare da damina. Sola mai megawat 1 a shekara takan ba da kimanin kashi 20 cikin 100 ne na abin da za ta bayar da a ce tana aiki da cikakken ƙarfinta dare da rana. Tashar zafin ƙasa takan kai kashi 90. Asibiti da injin ruwan famfo da ɗakin sanyi na masunta ba su san dare ba. A tsibiri mai tsaunuka da hadari, inda fili ya yi ƙaranci kuma guguwa ke kwashe faranti, wannan bambanci yana da nauyi.

Idan tasha ta fara aiki, sai a sayar da janareto?

A'a. Duk wanda ya ce maka haka, riƙe aljihunka. Tashar zafin ƙasa ta fi son tafiya da gudu ɗaya ba hawa ba sauka, shi kuwa gari bukatarsa tana tashi bayan magariba ta faɗi can cikin dare. Dole a samu abin da zai cike giɓin, ko janareto ko batir. A ƙaramin layi kuma, in inji ɗaya ke ɗauke da rabin gari, ranar da ya tsaya gari duka ya tsaya.

Tashar Puna da ke babban tsibirin Hawai, mai megawat 38, tana ba da kusan rubu'in wutar tsibirin lokacin da dutsen Kilauea ya yi aman wuta a watan Mayu na 2018. Narkakken dutse ya malalo ya rufe wasu rijiyoyin, ya ƙone wurin da ake haɗa wutar da layi, ya datse hanyar shiga. Ba ta dawo aiki ba sai Nuwamba 2020. Tsawon wannan lokaci tsofaffin injinan mai ne suka riƙe mutane. Dutsen da ya ba ka zafin shi ne kuma maƙwabcinka.

Zafin ba ya ƙarewa?

Zafin dutse yana daɗewa. Abin da ke saurin ƙarewa ruwa ne, in aka yi haɗama. A filin The Geysers na Kalifoniya, an jera tashoshi fiye da ƙarfin wurin, a ƙarshen shekarun 1980 turiri ya fara ja baya. Maganin da aka samu shi ne janyo ruwan dattin garuruwan kusa, bayan an tace shi, ana ɗura shi a ƙasa. Bututu kuma sukan toshe da ƙasa-ƙasan ma'adinai irin wanda ke taruwa a gindin butar shayi, don haka lokaci zuwa lokaci sai an wanke rijiya ko a haƙa sabuwa.

Ba ya cutar da mutanen da ke zaune kusa?

Idan aka kwatanta da hayaƙi da ƙarar dizal, cutarwarsa kaɗan ce, amma akwai ta. Turirin yakan zo da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda in ta taru da yawa a wuri mara iska tana kisa. Inji mai zagaye biyu yana rage wannan sosai tunda ruwan a rufe yake fita a rufe yake komawa. Akwai kuma girgizar ƙasa, musamman inda aka matsa ruwa da ƙarfi domin a fasa dutsen da ba shi da tsagogi. A Basel ta Suwizalan an dakatar da aiki bayan girgizar 2006, a Pohang ta Koriya ta Kudu kuwa girgizar 2017 ta rusa gidaje, kuma binciken gwamnati ya ɗora alhakin a kan aikin.

Rigimar da ta fi yawa dai ta fili ce. Indunusiya ta ayyana Flores a matsayin tsibirin zafin ƙasa a 2017, tashar Ulumbu kuma tana rage dizal a can. Amma da aka zo faɗaɗa ta zuwa Poco Leok, mutanen ƙauyukan suka fito suka tare hanya, suna cewa gonakinsu ne da ƙasar kakanninsu. Rijiya ba a matsar da ita gefe kamar turken wuta, inda zafin yake nan za a huda, ko da gonar wani ce.

Wa ke ɗaukar asarar rijiyar da ta fito fanko?

Inda abin ya ci gaba, gwamnati ce ko masu ba da tallafi. Kenya ta fara da tashar Olkaria a 1981, sannan a 2008 ta kafa kamfanin gwamnati na musamman wanda aikinsa haƙa rijiyoyi ne ya sayar wa masu tasha turiri. Yau kusan kashi 40 cikin 100 na wutar ƙasar daga zafin ƙasa take. Tarayyar Afirka ma, tare da bankin raya ƙasa na Jamus, ta buɗe wani asusu a 2012 da ke biyan wani kaso na kuɗin bincike da haƙar gwaji a ƙasashen gabashin Afirka. Ɗan kasuwa yakan shigo ne bayan an tabbatar da turiri, kamar yadda aka gani a Dominika.

Mu fa a Najeriya da Nijar?

Ruwan ɗumi muna da shi. Akwai Wikki a gandun dajin Yankari na jihar Bauchi, da Ikogosi a Ekiti, da Ruwan Zafi a Lamurde ta Adamawa, da Akiri a Nasarawa, ga kuma Tafadek a arewacin Agadas inda mutane ke zuwa wankan neman lafiya. Garuruwan da ke dogara da dizal ma ba mu rasa su ba, musamman can cikin Sahara irin su Bilma da Dirku, inda sai mai ya keta ɗaruruwan kilomita na rairayi kafin ya iso.

Amma ruwan Wikki digiri 31 ne, daidai wanka, bai ma kai rabin na Chena ba. Ɗumin maɓuɓɓuga alama ce kawai cewa ruwa ya nutsa ya taso, ba shaidar cewa akwai tukunyar turiri a kusa ba ce. Yankinmu ba ya kan babbar tsagar ƙasa irin wadda ta ratsa Habasha da Jibuti da Kenya. Inda alamun suka fi ƙarfi a kusa da mu shi ne jerin duwatsun Kamaru da kuma tsaunukan Tibesti na arewacin Chadi, inda ake da maɓuɓɓugan Soborom masu fitar da turiri, sai dai a Tibesti mutane kaɗan ne kuma hanya ba ta da kyau. Ga garin da ke Sahel a yau, wanda rana ke dukansa kusan kowace ranar Allah kuma yake da fili har ya yi yawa, kuɗin rijiyar gwaji ɗaya zai kafa sola da batir da za su kashe janareto mafi yawan sa'o'in yini. Abin da ya dace a fara yi a nan mai arha ne: a tattara ma'aunin zafin da aka riga aka ɗauka a rijiyoyin neman man fetur na tafkin Chadi da kwarin Binuwai da Agadem ta Nijar, a ga ko akwai inda ya fi ƙarfin wanka.